Kifin da abokina ya ce ba kifi ba ne

Shekarun baya, tun gwiwoyina suna yarda da doguwar hanya, ina tuƙa wa wata madam motar sanyi tsakanin Kwatano da Yamai. Ku yi haƙuri da rubutuna, jama'a. Lekol ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta kai a ba da labarinta ba. Mushenmu, wato malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu kowa yana murna. Da yatsa ɗaya nake danna wannan salula, in kun ga harafi ya bar hanya, ku ɗauka rami na kauce wa.

Madam ɗin 'yar Kwatano ce, tana da gidan cin abinci a unguwar Dar es Salam ta Yamai inda ake gasa kifin teku. Ni ke kawo kifin cikin ƙanƙara. Ban da kifi, duk tafiya sai na ɗoro mata bidon-bidon, wato jarkoki, na ruwan teku, saboda tana da wani babban akwatin gilashi a ɗakin cin abinci, akwariyom take ce masa, da yashi da duwatsu a ciki. Ta ce in ta kalle shi kewar gida na raguwa. A iyaka an sha buɗe mini bidon a ɗanɗana, a tofar, a kalle ni. Ni kuma in ce teku ne muke kai wa mutanen Yamai, kaɗan-kaɗan.

Wata tafiya, ɗan'uwan madam da ke su a can ya ba ni guntun igiya cikin bokiti, wasu baƙaƙen abubuwa sun manne mata kamar 'ya'yan ɗinya. Ya ce kar in bari ruwan ya yi zafi, kuma kar in ci. Da ya ce kar in ci ɗin nan na gane an ba shi labarina. Ashe ƙwai ne. Madam ta sa su cikin akwatin, suka ƙyanƙyashe 'yan mitsi-mitsi kamar farcen yatsa. Sauran duk suka mutu, ɗaya ya rayu, ya girma har ya kai tafin hannuna.

Da Faransanci sesh ake ce masa. Da Hausa ban san sunansa ba, don ban taɓa jin Bahaushen da ya gamu da shi ya tsaya tambayar suna ba. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar tafin takalmi. Hannuwansa a fuska suke, sun zubo kamar gemu. Gefen jikinsa kuma akwai wani siririn leɓe da ya kewaye shi, yana kaɗawa ba tsayawa kamar bakin zanen mace a cikin iska. Idonsa irin na akuya ne, akuyar da ta ga abin da ka yi jiya.

To ku ajiye wannan a gefe, in gaya muku wane ne abokina.

Abokina Bazabarme ne, masunci, mutumin Saga da ke bakin gulbi a gefen Yamai. Ni kuwa Bagobiri. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme: wasa ne da muka gada, a zagi juna a raina juna, kuma ba mai ikon yin fushi. Tun ina aparanti, wato yaron mota, ina wanke mota a bakin gulbi, muka haɗu. Ya dubi zanen Gobir da ke kumatuna ya ce, "Yaro, wace mage ce ta yakushe ka?" Na ce, "Wadda ta ƙi cin kwaɗon kopto a gidanku ta gudo." Shi ke nan, abota ta ƙullu. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har muka yi furfura ba a gano wane ne ubangidan ba.

Yana da wata fahariya guda. Ya ce duk abin da ke numfashi a cikin ruwa ya san sunansa, ya san na uwarsa. Kuma gaskiya ban taɓa kama shi ba.

Wata damina yana fitowa daga jirginsa ya yanke jiki ya faɗi a bakin gulbi. Hawan jini ne. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo shi daga lopital, lokotoro, wato likita, ya gaya wa 'yarsa, wadda ita ce ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta, cewa zai iya farfaɗowa, amma sai in ya yi ta motsa hannun, ya yi ta taka ƙafar, ya yi ta magana ko da ba ta fita daidai. In kuwa ya kwanta, to kwanciyar ke nan.

Shi kuma ya kwanta. Sau ɗaya ya gwada magana, ya ji muryarsa da kunnensa, miyau ya zubo masa a riga. Daga nan ya rufe baki, ya juya fuska bango.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya. A tuɓe takalmi, a durƙusa, a yi ƙasa da murya, masu cewa fofo da Zabarmanci na cewa, masu cewa sannu na cewa. Ni ma na je. Da na ga ƙaton mutumin nan ya koma kamar tsumma a kan tabarma, sai duk iskancina ya gudu ya bar ni. Na durƙusa kamar kowa na ce, "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya juyo ya dube ni da idonsa mai lafiya, ya daɗe yana kallona, sannan ya koma wa bangonsa.

Haka na yi ta zuwa ina sannu, yana ƙara ramewa. Abinci sai an yi da gaske yake karɓar loma biyu. Wata rana na dawo gida na zauna, matata ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, wai me kake ce masa in ka je?"

Na ce, "Me ake ce wa marar lafiya? Sannu nake ce masa."

Ta ce, "Kai?"

Na ce, "Ni mana."

Ta ce, "Mutumin da tun kafin ka auro ni kake zaginsa. Ranar da ka durƙusa ka ce masa sannu, ai ka gaya masa an sayo likkafani ne."

Ban ci tuwon nan da daɗi ba. Amma kafin in wanke hannu na san abin da zan yi.

Washegari na shiga ɗakinsa ban durƙusa ba, ban rage murya ba. Na ce, "Kai bawana, ubangidanka ya shigo kana kwance? Haka aka koya muku a Saga?" 'Yarsa ta zaro ido. Na yi kamar ban gan ta ba. Na ce, "Zuwa na yi in gaya maka ƙaryarka ta ƙare. Na ga kifin da ba ka sani ba. Hannuwansa a fuska suke. Da baya yake gudu. Yana sauya kaya ya fi amarya. Kuma a nan Yamai yake, ba a wata duniya ba."

Bai juyo ba, amma na ga kafaɗarsa ta motsa.

Na ce, "In kai masunci ne, zo ka faɗi sunansa. In ba ka zuwa, zan bi Saga gida-gida in ce Bagobirin da ko iyo bai iya ba ya fi ka sanin ruwa."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin na rago in an ja masa igiya.

'Yarsa ta biyo ni waje ta ce, "Baba, lafiya kuwa?" Na ce, "Lafiya lau, 'yata. Gobe da hantsi ki fitar masa da riga."

Da na zo da ƙaramar motar madam, na tarar da shi zaune, an sa masa riga da hula, yana kallon gefe kamar ba ni yake jira ba. Ni kuma na ci ado da farar babbar riga, don ranar nasara ce. Muka tallabe shi ni da 'yarsa zuwa mota. Muka isa Dar es Salam kafin a buɗe wa masu cin abinci, na ajiye masa kujera dab da gilashin, na ce, "Bismilla. Faɗi sunansa."

Akwatin babu kowa. Yashi, duwatsu, ruwa.

Na leƙa ta hagu, na leƙa ta dama. Na durƙusa na leƙa ta ƙasa. Ban sani ba a lokacin, ashe halinsa ne ya kaɗa leɓen nan nasa ya tone yashi ya binne kansa, sannan ya ɗauki launin yashin, har da ɗigo-ɗigonsa. Yana nan a gabanmu yana kallonmu. Abokina ya ɗago ido ya dube ni, kuma na karanta abin da ke ciki sarai, ni da ban iya karatu sosai ba: maƙaryacin Bagobiri.

Zufa ta karyo mini duk da sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Na ƙwanƙwasa gilashin da zobena. Shiru. Sai na ɗaga hannun babbar rigar nan na kaɗa ta a saman ruwan, kamar mai korar kaji daga shanya.

Yashin ya fashe. Wani abu ya taso fari fat, da manyan baƙaƙen tabo biyu a bayansa kamar idanu, ya harba da baya kamar an ja shi da roba, ya bugi gilashi, ya feso wani baƙin abu. Kafin in sauke hannu ruwan ya koma kamar tawadar malam.

Madam ta fito daga kizin, wato ɗakin girki, da ludayi a hannu. Ta fara da Faransanci, ta koma yarensu, ta sauka a kan Hausar kasuwa don kar wani abu ya wuce ni. "Baba direba, kai babba ne ko yaro? Wa ya ce ka buga? Wa ya ce ka yi masa tuta? Tsoro ya ji, shi ya sa ya zuba tawada." Ina tsaye kamar ɗalibin da aka kama, bakin hannun rigata yana ɗigar ruwa, sai na ji wata murya a bayana, mai nauyi, tana jan ƙafa.

"Wa... wa."

Na juya. Bakin a karkace, miyau na zuba, amma idon nan yana dariya. 'Yarsa ta rufe fuska da mayafi.

Na ce, "Me ka ce? Ban ji ba. Zabarmanci ne?"

Ya tattara duk ƙarfinsa ya ce, "Wawan... Bagobiri."

An zage ni a tasha, an zage ni a iyaka, an zage ni a ƙasashe uku. Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Ranar sai da madam ta juye duk ruwan tekun da ta ajiye kafin akwatin ya washe. Dabbar kuma ta ɗan ƙuje a ƙarshen bayanta inda ta bugi gilashi, wannan kam ya dame ni. Madam ta kafa mini doka: daga yau tsakanina da akwatin sai tsawon tebur guda. Amma ta ga abin da ya faru, kuma mace ce mai ido. Ta durƙusa gaban abokina ta ce, "Baba, kai ka zo kullum da safe in kana so. Wannan ne ban yarda da shi ba." Ya gyaɗa kai kamar alƙalin da aka kawo wa hukuncin da ya dace.

Daga nan ya fara zuwa. In ina gari ni ke kawo shi, in ina hanya 'yarsa ta sa shi a taksi. Kuma a nan na ga bambancin direba da masunci. Ni ban iya zama ba. Shi kuwa zai zauna gaban gilashin nan ko ƙifta ido ba ya yi sosai, har abin ya manta da mutum ne. Da farko idanu biyu za su ɓullo daga yashi. Sannan ya taso a hankali, yashi na zuba daga bayansa, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa kamar shirwa a sama, leɓen nan kaɗai ke kaɗawa. In ya so ya matso gaba, in ya so ya ja baya, ba sai ya juya ba. Ni da na yi shekaru ina fama da ribas, na ji kishi.

Sai sauya kaya. Kusa da dutse ya yi duhu, fatarsa ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar dutsen. Kan yashi ya koma yashi. In ya huce ya yi ruwan ƙasa mai laushi. In kuwa ransa ya ɓaci, sai ya fito da wasu zane-zane, baƙi da fari, a jere a bayansa. Ranar da abokina ya fara ganin wannan, dariya ta kusa kayar da shi daga kujera. Ya nuna shi, ya nuna kumatuna, ya ce, "In ya... yi fushi... Bagobiri yake zama."

Wata safiya abin ya matso dab da gilashi, ya ɗaga hannuwa biyu sama daga cikin gemun nan nasa. Abokina ya ɗaga yatsu biyu na hannun dama. Suka tsaya haka suna kallon juna kamar tsofaffi biyu da suka haɗu a hanyar masallaci. Madam ta ce ita ba ta san ko gaisuwa ce ko gargaɗi ba. Abokina ya ce gaisuwa ce. Daga ranar, da haka suke buɗe hira.

Ni kuwa abin nan bai taɓa yafe mini ba. Ko daga bayan tebur na miƙe, sai ya sauya. Akwai ranar da ya tsaya tsakaninmu, ni ina wannan gefe abokina yana wancan, sai ya raba jikinsa biyu daidai tsakiya: ɓarin da ke wajena ya yi duhu da baƙin tabo, ɓarin da ke wajen abokina ya yi haske. Na buɗe baki zan yi tsiya, sai na ga abokina yana shafa hannunsa na hagu da na dama.

Ya ce, "Shi ma... ɓari biyu ne."

Abin ya kaɗa leɓensa ya zagaya dutse ya dawo, da ɓarinsa biyu, hankalinsa kwance.

Sai abokina ya ce, "Amma ba kifi ba ne."

Na ce, "Kifi ne."

"Ba kifi ba ne."

"A ruwa yake ko a kan bishiya?"

"Dorina ma... a ruwa take."

"Yana numfashi a ruwa."

"Ba shi da ɓawo."

"Tarwaɗa tana da ɓawo? Ko ita ma ƙanwarka ce, ba kifi ba?"

Wannan gardama ita ce ta buɗe masa baki. Don gardama tana son dogon zance, kuma Bazabarme ya gwammace harshensa ya tsinke da ya bar wa Bagobiri kalmar ƙarshe. Yana jawo kalmomin nan ɗaya-ɗaya kamar mai jan taru mai nauyi, ni kuma ina ƙara masa wuta. In na ga ya gaji sai in ce, "To ka yarda ke nan," sai ya sake miƙewa. 'Yarsa ta ce da suka koma lopital lokotoro ya tambaye ta wane magani suka ƙara. Ta ce masa gardama.

Saura hannu. Shi ma ga yadda aka yi.

Abin nan ba ya cin mushe, sai abin da ke motsi. Madam tana shan wahalar samo masa. Abokina ya ce a magudanan ruwan gonakin shinkafa na Saga akwai 'yan ƙananan ƙaguwa da 'yan kifaye, shi ya san inda suke. Wannan ne ya fara fitar da shi bakin ruwa tun faɗuwarsa. Aka ajiye masa kujera a kan gaɓa, yana riƙe da sanda yana ba da umarni, ni kuma da furfurata na naɗe wando na shiga laka. "Hagu. Hagu na ce, bawana. Sa hannu cikin ramin." Na sa. Ƙaguwa ta kama ni a yatsa, na yi rawar da ban yi ba ko ranar aurena. Masu dashen shinkafa suka bar aiki suna kallo. Ya ce musu, "Ku yi haƙuri, sabon bawa ne."

Da muka kawo, ya ce shi zai ba shi da kansa. To akwatin yana da murfin gilashi mai nauyi, sai hannu mai ƙarfi ke ɗaga shi. Hannun dama ke nan. Ƙaguwar kuwa dole ta koma hagu. Na yunƙura zan taimaka, madam ta nuna mini tebur. 'Yarsa ta miƙa hannu, madam ta riƙe mata wuyan hannu a hankali ta girgiza kai.

Ya tsaya jingine da akwatin. An sa masa ƙaguwar cikin ɗan ludayi, an ɗora masa a yatsun hagu. Hannun ya taso yana rawa, ludayin ya kife, ƙaguwa ta faɗi ƙasa ta nufi ƙarƙashin kujera. Ni aka sa na kamo. Aka sake, ta sake faɗuwa. Zufa ta jiƙa masa hula. Shi kuwa abin nan yana ƙasan ruwa yana jira, ya haɗe hannuwansa wuri guda sun yi tsini, wasu inuwoyi masu duhu suna gudu a bayansa daga baya zuwa gaba, kamar inuwar girgije in tana ratsa gonar shinkafa. Da jiran ya ishe shi, sai ya taso saman ruwa ya feso wa abokina ruwa a fuska.

Abokina ya ce, "To, to. Ina zuwa."

Hannun ya hau, ya hau, ya kai bakin akwatin, ya juya. Ƙaguwa ta nutse. Abin bai tunkare ta ta gaba ba, ya san zancen ƙahonta. Ya zagaya ta baya a hankali, ya faɗa mata, ya lulluɓe ta da gemunsa. Abokina ya sauke murfin, ya koma kujera yana haki, ya dube ni ya ce, "Ka ga yadda ake kama ƙaguwa? Shi ya fi ka hankali."

Haka muka yi watanni. In ɗan kifi ne aka saka, wasu dogayen hannuwa biyu da yake ɓoyewa ke fitowa su cafke shi, ido bai isa ya bi ba. Abokina ya yi ta zuba ido don ya ga fitarsu, bai taɓa gani ba, kuma wannan ya ƙara masa girmama shi. Hannun hagu ya daina kifar da ludayi. Sanda ta maye gurbin kafaɗata.

Amma tun farko madam ta gaya mini irinsu ba sa daɗewa, shekara ɗaya da 'yan watanni sun tsufa. Na ajiye maganar a inda nake ajiye maganganun da ba na so. Sai ga shi idonsa ya fara yin hazo. Ya kai wa ƙaguwa hari ya kuskure. Launinsa ya daina zama daidai, wani wuri ya sauya wani wuri ya ƙi. Wata tafiya na dawo daga Kwatano da bidon cike da ruwa, madam ta tare ni a ƙofa ta ce ba sai na sauke ba. Ta miƙo mini wani farin abu a cikin tsumma. Ta ce ƙashinsa ne, guda ɗaya tal yake da shi a cikin baya. Mara nauyi, dogo, mai tsini gaba da baya.

Ta ce, "Baba bai zo ba kwana biyun nan. Kai za ka gaya masa."

Hanyar Saga ba ta da nisa, amma ranar ta yi mini tsawo fiye da ta Kwatano. Abu ɗaya nake gani a gabana: bangon nan, da bayan abokina. Na shiga gidan, na leƙa ɗakin. Tabarma a naɗe, ba kowa. 'Yarsa ta fito daga bayan ɗaki da tsintsiya ta ce, "Baba, yana gulbi."

Na same shi zaune cikin jirginsa da aka jawo kan gaɓa, taru a kan gwiwa, hagu na riƙe, dama na ɗinki. Na tsaya a kansa. Duk abin da na shirya a mota ya watse, sai kalmar nan ta zo mini baki da kanta.

Na ce, "San..."

Ya ɗaga allurar tarun ya nuna ni. "Ka ƙarasa ta, in sa a jefa ka inda dorina ke kwana."

Na haɗiye sauran.

Ya ce, "Tun ranar da ya kuskure ƙaguwa sau biyu na yi masa sallama. Na ɗaga masa yatsu, ya ɗaga mini. Me ka ɓoye a riga?"

Na buɗe tsumman. Da hannun hagu ya karɓa. Ya juya shi, ya auna shi a tafinsa, ya shafa shi da babban yatsa. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce iskar gulbi ce. Ni ma iskar ta same ni. Na ga in ba a yi wani abu ba tsofaffi biyu za su ba da kunya a gaban masu wanki, sai na ce, "To ga ƙashi nan. Magana ta ƙare. Kifi ne."

Ya ɗaga shi sama ya daidaita shi da jirgin da yake zaune a ciki. Ya ce, "Kifi mai ƙashi ɗaya, ba ƙaya? Buɗe idonka, bawana. Wannan jirginsa ne. Wanda ke yawo da jirginsa kuwa masunci ne, ba kifi ba."

Na ce yunwa nake ji, zan ba shi amsa wata rana.

Yanzu na ajiye tuƙi, madam ta koma garinsu, ban san inda akwatin gilashin ya ƙare ba. In na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda na kusa kashe abokina da ladabi. Sannu kalma ce mai kyau, ina faɗinta ga mutane kullum. Amma shi daga bakin kowa zai karɓe ta ban da nawa, don ni ne mutum na ƙarshe da ya rage wanda zai dube shi ya ga masuncin Saga mai bakin tsiya, ba marar lafiya ba. Sai da matata da wata dabba mai gemu daga teku suka haɗu kafin na gane. Zaman shiru irin nasa kuwa har yau ban koya ba. Ko a masallaci ana gaya mini.

Abokina yana nan. Yana jan ƙafa kaɗan, bakin bai gama miƙewa ba, kuma na gaya masa hakan ya gyara masa fuska. Farin ƙashin ya huda shi ya ɗaure da zare a goshin jirginsa. Ba ya karanta abin da ke cikin salula, 'yarsa ke karanta masa, kuma na san tana cikin masu bibiyata a nan.

'Yata, in kin zo wannan wurin ki matsa kusa da kunnensa mai lafiya, ki ɗaga murya, ki ce ubangidansa ya rubuta a gaban duniya: kifi ne.